FILIN MASU SANA'A: Agogon Da Ya Dace Da Bangon Gareji

Duk wanda ya taɓa kai mota ko babur gyara a Gombe ya san wannan magana: "Alhaji, je ka ka dawo nan da awa ɗaya." Mai mota ya tafi ya sha shayi, ya dawo ya tarar ko murfin inji ba a mayar ba. Ya ce awa ta cika har ta gota, maigidan gareji kuwa ya rantse ko rabinta ba a yi ba. Su biyun su ɗaga kai don agogon bango ya raba gardama, sai su iske yana nan inda ya tsaya tun hunturun bara, ƙarfe huɗu saura kwata, ƙura ta rufe masa fuska, ba a ganin kome sai hoton ɗan takarar da ya raba shi lokacin zaɓe. Daga nan sai musu ya tashi, wani lokaci ma a rabu dutse hannun riga, alhali kuwa abin da ya haddasa ɓacin ran bai kai kuɗin galan ɗin mai ba.

Saboda haka a wannan mako filin zai duba wani kayan aiki da yawancin masu sana'a ba su lissafa shi cikin kayan aiki, watau agogon bango: wane iri ya kamata a saya, me ke kashe shi, ina kuma ya dace a rataye shi.

GOMBE DA LISSAFIN LOKACI

Kakanni sun yi zamaninsu da asuba da hantsi da walaha da azahar da la'asar, kuma wannan ya ishe su, domin noma da kiwo ba su bukatar a ƙidaya minti. Kalmar agogo kanta aro ce daga Yarbanci, inda take nufin ƙararrawa, kuma cewar da ake yi ƙarfe uku ko ƙarfe huɗu ta samo asali ne daga ƙarfen da akan buga don sanar da jama'a sa'a. A shekarar 1919 aka tsayar wa Nijeriya duka lokaci guda, watau awa ɗaya gaba da agogon GMT. A cikin wannan shekara ce kuma aka dawo da hedkwatar masarautar Gombe daga Nafaɗa zuwa Doma, inda garin yake a yau. Jirgin ƙasa ya iso Gombe a 1963, ya zarce Maiduguri a 1964, kuma jirgi ba ya jiran wanda ya ce zai zo da hantsi. Kamfanin siminti na Ashaka ya fara aiki a 1979, sa'an nan Gombe ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996.

Garin mahaɗar hanyoyi ne: ta Bauchi, ta Yola, ta Biu, ta Potiskum, da ta Dukku mai fita Kano. Manyan motocin siminti da na hatsin Tudun Hatsi suna ratsawa dare da rana, kuma kowace a cikinsu akwai ranar da za ta nemi bakanike ko mai walda ko mai faci. Direban da ya ɗauko kaya yana da alkawarin isa, saboda haka garejin da ya iya cika sa'ar da ya faɗa shi ne zai ga direban nan ya dawo, har ya jawo 'yan'uwansa.

Wani zai ce ai inuwa ma agogo ce. To, a nan akwai abin lura. A Gombe rana takan tsaya tsaka wajen ƙarfe goma sha biyu daidai a farkon watan Nuwamba, amma a tsakiyar Fabrairu sai kusan sha biyu da rabi. Ke nan wanda ya sa wa inuwar bango alama ya ce nan ne sha biyu, zai iya kuskuren rabin awa a cikin shekara ba tare da ya sani ba.

ABIN DA MINTI YAKE CI

Mai karatu zai so ya san me ya sa aka matsa a kan minti. Ga misali daga wurin mai walda. A jikin injin walda na kamfani akan rubuta kashi nawa cikin ɗari zai iya aiki a kan wani ƙarfin wuta, kuma ana yin lissafin ne bisa minti goma. In an rubuta kashi 60, ma'ana inji ya yi walda minti shida, ya huta minti huɗu. Wanda ya zarce haka yana dafa wayar cikin inji ne sannu a hankali, ranar da ta ƙone kuwa kuɗin naɗa ta sai ya sayi agogo da yawa. Injin da aka naɗa a gida ba shi da wannan rubutu, don haka mai shi ya fi kowa bukatar ya san tsawon lokacin da injinsa ke ɗauka kafin ya yi zafi.

Haka abin yake ga mai fenti, wanda tilas ya bar shafe na farko ya sha iska gwargwadon mintocin da aka rubuta a gwangwani kafin ya ƙara na biyu, in ya yi gaggawa fenti ya zubo ko ya yamutse. Mai faci yana jiran gam ya bushe kafin ya manna. Mai cajin batir yana ƙidaya awoyi. Bakanike yana jiran inji ya huce kafin yaro ya buɗe murfin lagireto, domin ruwan ciki yana iya tsartuwa ya saɓule fata. Tun kuma da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace awa da janareto ya yi yana ruri kuɗi ne mai nauyi, kuma wanda bai san awa nawa ya kunna shi a kan aikin mutum ba, ba zai san abin da zai caje shi ba.

Ana iya cewa kowa yana da waya a aljihu. Gaskiya ne, amma hannun da ya sha baƙin mai ba ya shiga aljihu, mai walda kuma ba ya ajiye abin riƙonsa don ya duba waya. Bugu da ƙari, yaron da ya ciro waya don duba lokaci ba lalle ne ya mayar da ita nan take ba. Agogon bango na kowa ne, maigida da yara da mai kawo aiki duk ido ɗaya suke kallonsa da shi, kuma in an ce yaro ya makara, shaida tana rataye a gaban kowa.

IRE-IREN DA KE KASUWA

Akwai agogo mai wani irin na da, wanda ake murɗa masa mabuɗi. Yana da kwarjini a zauren dattijo, amma a gareji bai dace ba, domin yana son a tuna da shi a kan kari, yana son bango marar motsi, ƙura kuma tana haɗuwa da man cikinsa ta zama laka.

Akwai mai aiki da wutar lantarki, wanda yawanci yake nuna jajayen lambobi masu haske. Ana ganinsa ko da dare, amma yana da aibi biyu. Na farko, in wuta ta ɗauke ya mutu, in kuma ba shi da ɗan batirin riƙe lissafi a ciki, sai ya farka yana ƙifta sha biyu. Mutanen Gombe ba su manta da watan Afrilu na 2024 ba, lokacin da maɓarnata suka kayar da turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe, aka yi makonni ana fama. Na biyu, waɗansu irinsa ba su da ma'aunin kansu, bugun wutar lantarki suke ƙidayawa, wanda a Nijeriya ya kamata ya zama 50 a kowace daƙiƙa. In janareto ya yi sauri ya kai 52, agogo zai ƙara kusan minti biyu da rabi a kowace awa, kafin a tashi aiki ya tsere da kusan minti ashirin. Wanda kuma aka yi don Amurka, inda bugun yake 60, in aka kawo shi gwanjo aka sama masa abin rage ƙarfin wuta, zai riƙa zubar da minti goma a kowace awa. Ko a Turai wannan ta faru: a farkon 2018 saɓani tsakanin Sabiya da Kosobo ya sa bugun wutar ƙasashe da yawa ya ɗan ragu, agogunan irin wannan suka yi lattin kusan minti shida.

Akwai mai lambobi baƙaƙe a kan toka-tokan gilashi, irin na fuskar kalkuleta. Ba ya cin batir, amma sai an tsaya daidai gabansa ake karanta shi sosai, a cikin duhun shago ba a ganinsa, zafin rana kuma yakan sa fuskar ta yi baƙi.

Akwai kuma wanda dillalin gwanjo zai ce yana saita kansa ta rediyo. Gaskiya ne a inda aka yi shi. Tashar da ke aika wa irin na Turai lokaci tana kusa da Frankfurt a Jamus, kuma saƙonta ba ya wuce kimanin kilomita 2,000, alhali tsakanin Gombe da can ya haura kilomita 4,000. A nan ba abin da zai ji, waɗansu ma da wuya a iya saita su da hannu. Biyan ƙarin kuɗi dominsa asara ce.

Wanda ya fi dacewa shi ne mai hannuwa, mai batir guda, wanda aka rubuta wa QUARTZ a fuska. A cikinsa akwai ƙwayar wani dutse 'yar mitsitsiya wadda wutar batir ke sa ta kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa, sai wata 'yar na'ura ta yi ta raba wannan adadi biyu har sau goma sha biyar, ya koma bugu ɗaya, shi ne takun da ake ji. An fara yin agogo da wannan dabara a Amurka a 1927, kamfanin Seiko na Japan kuma ya fito da na hannu a ƙarshen 1969, daga nan ta yi araha ta game duniya. Mai kyau a cikinsu kuskurensa a wata ba ya cika wuce rabin minti.

Cikin masu batir ɗin ma iri biyu ne: mai taku ɗaya-ɗaya, da mai sulalawa shiru. Na biyun an yi shi ne don ɗakin kwana, kuma ya fi cin batir. A gareji, inda guduma ba ta bari a ji kome, mai taku ya fi, domin ya fi daɗewa kuma ya fi sauƙin ƙidayar daƙiƙa.

FUSKA KAFIN ADO

Agogon da sai an matso an ƙura masa ido kafin a karanta shi bai yi aikinsa ba. Fuska ta zama fara, hannuwa baƙaƙe masu kauri, dogon ya bambanta da gajeren sarai, kuma a ga alamar kowane minti a gefe. A guje wa hannuwa masu ruwan zinariya ko azurfa, domin suna ɓacewa cikin haske. A guje wa lambobin Rumawa, waɗanda yaro sabon koyo ba zai gane ba. Agogunan da ake rabawa a biki ko a yaƙin neman zaɓe, masu hoto da furanni a tsakiya, kyan ɗan maciji ne, hannuwansu sirara ne kuma suna nutsewa cikin hoton.

Abin koyi a nan shi ne agogon tashoshin jirgin ƙasa na Suwizalan, wanda wani injiniya, Hans Hilfiker, ya tsara a 1944. Ba shi da lamba ko ɗaya, sai baƙaƙen sanduna a kan farar fuska, da jan hannun daƙiƙa da aka ƙara daga baya. Matafiyi yana gudu ya ɗaga kai sau ɗaya ya san ko zai sami jirgi. Dalili kuwa, ido tsayuwar hannuwa yake karantawa, ko bai ga lamba ba. Wannan ita ce fifikon mai hannuwa a kan mai lambobi zalla, wanda in lamba ɗaya ta dushe an rasa lokacin duka.

Game da girma, masu rubuta alluna suna da ma'auni: inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisa. Shagon tela ko na mai gyaran rediyo, agogo mai faɗin inci goma ko goma sha biyu ya ishe shi. Garejin da ke da rumfa mai tsawo, inda yaro zai leƙo daga ƙarƙashin mota a can ƙarshe, yana son inci goma sha huɗu zuwa sama. Hanya mafi sauƙi ita ce mai saye ya auna takun shagonsa kafin ya fito, in ya je kanti ya ja da baya daidai wannan taku ya duba. In ya yi ta ƙanƙance ido, to, ya nemi wanda ya fi shi.

ABOKAN GABAR AGOGO

Na farko ƙura. Hazon hunturu da garin katako suna shiga ta bayan agogo su sami ƙananan haƙoran roba su cushe su. Garin ƙarfe ya fi muni, domin injin agogo yana da ɗan mayen ƙarfe a ciki, wanda ke jawo ɓurɓushin ya riƙe. Saboda haka a nemi mai gilashi a gaba, mai murfi a baya. In an ga an rubuta IP da lambobi biyu, ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa: 5 a farko na nufin yana tare ƙura gwargwado, 6 kuwa ba ta shiga ko kaɗan. Wanda bai sami irin wannan ba, ya rufe injin baya da leda mai kauri ya manne gefenta. Gilashi na gaske ya fi na roba, domin roba tana karcewa, tururin fetur da ruwan tsinka fenti kuma suna sa ta yi hazo.

Na biyu zafi. An yanka ƙwayar dutsen nan ne don ta yi daidai a wajen digiri 25, in zafi ya ƙaru ko ya ragu sai ta ɗan yi nawa. A digiri 40, wanda ba baƙo ba ne a Gombe cikin Maris da Afrilu, lattin zai kai kimanin daƙiƙa ashirin a wata. Wannan kaɗan ne. Babbar ɓarnar zafi ita ce yana lanƙwasa fuskar kwali ko ta roba mai arha har ta taɓa hannu ta riƙe shi, yana kuma sa batir ya yi saurin zuba. Kada a rataye agogo dab da rufin kwano, ko a jikin bangon kwano, ko inda ranar la'asar ke dukansa.

Na uku girgiza. Bangon da teburin dukan ƙarfe ya jingina da shi, ko wanda janareto ko injin hura iska yake gindinsa, yana kwance hannuwan agogo, wata rana ma ya jefo shi ƙasa. Injin walda da manyan lasifikoki suna da ƙarfin maganaɗisu da zai iya rikita takunsa in ya yi kusa da su ainun. Wurin cajin batir kuwa tururinsa yana cin ƙarfe.

Na huɗu shi ne batirin kansa. Agogo yana son ƙaramin batir mai lamba AA, mai ƙarfin 1.5. Irin wanda ake sake cajinsa 1.2 ne, waɗansu agogunan ba su tafiya daidai da shi. Batirin da ya mutu aka bar shi a ciki yakan zubo da wani farin gari ya cinye ƙarfen da yake taɓawa, kuma wannan ya kashe agoguna masu yawa da aka zubar ana cewa jabu ne. In an ga farin garin, a goge da ɗan tsumma da ruwan lemun tsami, a bari ya bushe sarai, a kankare ƙarfen ya yi haske. Alamar batir ya raunana ita ce hannun daƙiƙa ya riƙa rawa wuri ɗaya wajen lamba tara, inda yake hawa, ya kasa wucewa. Rigakafi ya fi magani: a sa rana ɗaya a shekara, alal misali farkon azumi, a canja batir ko bai mutu ba, a rubuta ranar a bayan agogon.

A KANTI DA BAYAN AN DAWO

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai saye ya sa a saka batir a gabansa, ya murɗa ɗan mabuɗin baya har hannuwa su zagaya sau ɗaya cikakke, ya ga ko suna gogar juna ko gilashi, ya kuma duba in dogon ya hau sha biyu ko gajeren yana kan lambarsa daidai. Kada a taɓa tura hannuwa da yatsa. Ya yi sharaɗi da mai kanti cewa zai gwada shi kwana bakwai, in ya yi kuskuren da ya kai minti guda ya dawo da shi. Ya fi kyau a sa kuɗi a kan gida mai ƙarfi da fuska mai kyau, domin injin baya kusan iri ɗaya ne a yawancinsu, kuma masu gyaran agogo a Babbar Kasuwa da sauran kasuwanni suna iya canja shi da kuɗi kaɗan.

A rataye shi a bangon siminti da ƙusa mai kai, wadda aka ɗan karkata sama, ya ɗara kan mutum kaɗan yadda mota ko katako ba za su tare shi ba, a inda haske yake faɗa masa ba tare da gilashin ya yi walƙiya ba. A daidaita shi da agogon waya mai karɓar lokaci daga layi, ko da farkon labaran rediyo. Sai dai rediyon da ake saurara ta intanet yakan yi jinkiri, kada a dogara da shi. Maigida ya ɗora wa yaro ɗaya nauyin dubawa da gogewa kowace Juma'a. Al'adar nan ta ƙara wa agogo minti goma don yara su yi sauri ba ta da amfani, cikin mako guda kowa zai koyi cirewa.

Masu sayen agogon da ke nuna lokutan salla su lura da garin da aka saita shi. Rana tana riga tsayawa a Gombe da kimanin minti 11 kafin Kano, minti 24 kafin Sakkwato, da fiye da rabin awa kafin Ikko. Agogon da aka saita wa Kano aka rataye a Gombe zai nuna alfijir bai keto ba alhali ya keto, kuma mai sahur ya san nauyin wannan. A sa wanda ya iya ya saita shi a kan Gombe, a kuma gwada shi da kiran sallar masallacin unguwa.

Hausawa sun yi wa agogo kirari da sarkin aiki, amma ko sarki sai da masu hidima. Garejin da ya ba shi bango mai inuwa da batir ɗaya a shekara, in maigida ya ce wa Alhaji ya dawo nan da awa ɗaya, su biyun za su ɗaga kai su ga ƙarfe nawa ke nan, kowa ya riƙe alkawarinsa. Mako mai zuwa, in Allah Ya so, filin zai duba yadda ake adana batirin mota a lokacin zafi.